Ba sikeli ba ne, tsani ne: neman Hausar abin da mai koyon jita ke hawa da sauka

Jama'a, akwai kalmar da na daɗe ina son mu tsayar da Hausarta. Mai koyon jita ba ya cika mako sai malaminsa ya ɗora shi a kan abin da Turawa ke kira "scale": sautuka a jere, ana bin su ɗaya bayan ɗaya daga mai kauri zuwa siriri, sannan a juyo. Do, re, mi, fa, so, la, ti, do ɗin nan da kowa ya sani ɗaya ne daga cikinsu.

Aro ba zai yiwu ba. Kalmar tana shiga bakin Bahaushe za ta koma sikeli, shi kuwa sikeli tuni yana da aikinsa na awo. Ta kiɗan daga Latin ta fito, kuma ma'anarta can tsani. Jamusawa tsanin sauti suke cewa da harshensu, Larabawa kuma sullam, wato tsani dai.

Ni ma tsanin sauti na zaɓa.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a ce jerin sauti. Bai yi kuskure ba, sai dai jeri ba shi da sama da ƙasa, alhali duk aikin nan hawa ne da sauka. Wani kuma ya ce matakala. Wannan ta tsaya mini a rai, na kwana biyu ina juya ta, har wuyan jitar da kansa ya raba gardamar.

Ku duba wuyan. An gitta masa siraran ƙarafa, tsakanin ƙarfe da ƙarfe mu kira shi gaɓa. Duk gaɓar da ka matsa gaba, sautin tsirkiya sai ya ɗan ƙara siranta, in ka kai gaɓa ta 12 ka dawo kan sautin da ka faro, amma a sama. Do-re-mi ba ya taka dukkan 12 ɗin, 7 yake zaɓa, tazararsu kuma a lissafin gaɓa ita ce 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Da zarar yatsu sun haddace siffar wannan tafiya, shi ke nan. Ka fara a gaɓa ta 3 ta tsirkiya mafi kauri, kana kan sautin da ake kira G. Ka matsar da hannu zuwa ta 5, kana kan A, siffar ba ta canja ko kaɗan ba. Mawaƙi ya ce kiɗan ya yi wa muryarsa sama, sai ka sauko gaɓa biyu ku ci gaba. Matakala wuri ɗaya ake gina ta. Tsani ɗaukarsa ake yi, a jingina shi inda ake so a hau, kuma wannan shi ne babban abin da ɗalibi ke samu.

Sunan yana zuwa da 'ya'yansa. In akwai tsani, akwai mataki. Sautukan nan da ake kaɗawa tare, waɗanda masu koyo ke haddace inda za su ɗora yatsu ba tare da sanin dalili ba, mataki na 1 da na 3 da na 5 ne aka haɗa. Ranar da ɗalibi ya gane haka, ya daina jiran a nuna masa, da kansa zai riƙa haɗawa. Tsanin da ake yawan kaɗawa a salon kiɗan bulus da rok, mai sauti 5, sai mu ce tsani mai biyar, na do-re-mi kuma tsani mai bakwai.

Sauran amfanin sananne ne. Ƙaramin yatsa da kowa ke gudu yana samun ƙarfi, don kowane yatsa da gaɓarsa. Kunne yana sabawa, har ka ji waƙa hannunka ya kai wurin kafin ka yi tunani.

Na san za a ce matakan tsani tazararsu ɗaya ce, wannan kuwa wani wuri 2, wani wuri 1. Gaskiya ne. Amma matakala ma tazararta ɗaya ce, kuma ba ta ɗaukuwa.

Abin da ya rage shi ne manyan iri biyun da Turawa ke kira babba da ƙarami. In muka fassara haka, za a zaci ɗaya ya fi ɗaya yawan mataki, alhali kowanne 7 gare shi. Babban bambancin yana tsakanin mataki na 1 da na 3: gaɓa 4 a na farko, gaɓa 3 a na biyu, wanda amonsa ya fi kama da juyayi. Ina ganin tsani mai faɗi da tsani mai tsuke sun fi kusa da abin da hannu ke yi. Malamai masu koyar da jita, ku gwada su a kan ɗalibanku, ku faɗa mana ko sun zauna a baki.