Bugun RF a bSSFP na ƙwaƙwalwa: a gajarta ko a tsawaita?

Ɗalibin hoton asibiti, Gusau:
Assalamu alaikum malamai. A hoton ƙwaƙwalwa da bSSFP, wani salon ɗaukar hoto a na'urar MRI, wanda Siemens ke kira TrueFISP, GE kuma FIESTA, baƙaƙen layuka na fitowa a gindin ƙoƙon kai da saman kogon hanci. Da an gajarta bugun RF (bugun igiyar rediyo da na'ura ke aikawa cikin jiki) don TR (tazarar lokaci tsakanin bugu da bugu) ya sauko, sai na'ura ta ƙi, wai SAR, wato yawan zafin da jiki ke sha daga bugun, ya wuce iyaka. Ina mafita?

Mai lissafin MRI, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Layukan nan daga karkacewar filin maganaɗisu suke, wurin da iska ta yi iyaka da nama da ƙashi. Tazararsu 1/TR ce. A TR na milisakan 5, layi yana faɗowa a Hz 100 (Hz: adadin kaɗawar igiya a sakan) sama da ƙasa da inda aka saita na'ura. Ka sauko 4, ya ja baya zuwa 125. Shi ya sa kowa ke kwaɗayin gajeren bugu. Amma in ka raba tsawonsa biyu alhali kusurwar da bugun ke karkatar da maganaɗisun jiki na nan yadda take, dole ƙarfin B1, wato filin maganaɗisun bugun, ya ninka, zafin kowane bugu ma ya ninka, ga shi kuma yana zuwa a kai a kai. Iyakar SAR ga kan mutum W/kg 3.2 ce, wato wat 3.2 a kowane kilo. Fara da rage kusurwa, don SAR murabba'inta yake bi: daga digiri 70 zuwa 50, kusan rabi ya tafi.

Malamar kimiyya, Ƙauran Namoda:
Haka ne Malam, sai dai a duba me ake son gani. Ruwan ƙwaƙwalwa ya fi haske a wajen digiri 70, farin sashen ƙwaƙwalwa kuwa wajen 35 ya ishe shi. Wanda ke bin jijiyar ji a cikin ruwa bai kamata ya zaftare kusurwa da yawa ba. Kuma gajeren bugu mai ƙarfi yana ƙosar da firoton ɗin (ƙwayar haidirojin) da ke maƙale a manyan ƙwayoyi irin na mayelin, wato rufin jijiyoyi, farin sashe ya dushe fiye da yadda lissafi ya nuna. Bieri da Scheffler sun bayyana wannan a 2006. Tsawaita bugun yana dawo da hasken.

Mai lissafin MRI, Birnin Kebbi:
Gaskiyarki, Malama. To ƙanena, daidaita filin a kan wurin da kake so kawai, ba kan duka ba. In layin ya ƙi kaucewa, ɗauki hoto sau biyu da zagayen fes daban, wato juyin igiyar daga bugu zuwa bugu, digiri 0 da 180, a haɗe su. Wannan dabarar ita ake kira CISS, sai dai lokaci ne zai ninka. Kar a manta da rabin kusurwa a bugun farko, rabin TR kafin jerin ya fara, in ba haka ba siginar farko sai ta yi ta rawa.