Abin Da Matafiya Suka Ce Game Da Ziyarar Ayislan

Da hirar matafiya ta kai kan ƙasar Ayislan, tsibirin duwatsu masu aman wuta, an fi ja-in-ja a kan lokacin tafiya. Masu son zagaya ƙasar a mota, a kan titin da ya kewaye ta mai tsawon kusan kilomita 1,300, sun zaɓi Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Masu burin ganin koren hasken da ke rawa a sama da daddare kuwa sai Satumba zuwa Maris, shi ma sai an dace da dare marar gajimare. Ni dai na fi karkata ga rukuni na farko.

Ga mai kwana biyu kacal, bakinsu ɗaya: daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, a nufi Thingvellir, inda majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, sai Strokkur, maɓuɓɓugar da ke feso tafasasshen ruwa sama kowane 'yan mintoci, a ƙare da magangarar ruwan Gullfoss.

Gargaɗin da aka fi nanatawa shi ne na bakin tekun Reynisfjara mai baƙin yashi. Kada a juya wa ruwan baya, domin igiyarsa kan zo ba sallama, ta sha jan mutane.

Abinci da tsada, don haka a yi cefane a kanti. Ruwan famfo na sanyi lafiya lau ne, na zafin ne ke warin farar wuta. Kafin a je Blue Lagoon, tafkin wanka mai ruwan ɗumi, a duba ko a buɗe yake, aman wutar yankin Grindavik ya sha sa a rufe shi tun 2023.