Wanda ba likita ba zai iya zama mai bincike a kwalejin likitanci?

'Yar Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shawara nake nema daga waɗanda suka san hanya.

Maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittu irin su bakteriya da bairos, na karanta a nan Jos, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyar da bayoloji a wata makarantar kuɗi. Amma bincike ne a raina, musamman kan sankarar da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. A aji huɗu wani malaminmu ya yi mana bayanin yadda bairos ɗin HPV ke jawo sankarar bakin mahaifa, ya ce nau'i biyu kacal, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. Tun daga nan abin ya zauna mini a zuciya. Sai dai aikin kammala digirina kan bakteriyar kunun zaƙi na yi shi, na'urar PCR kuwa, wadda ke ninka DNA don a iya gano ƙwayar cuta, a hoto kawai na san ta.

A gida Kawuna ya ce in koma in karanta aikin jinya ko aikin lab mai lasisi, domin a cewarsa digirina bai mai da ni likita ba, bai kuma ba ni damar aiki a asibiti ba. Shin gaskiya ne sai mai digirin likita na MBBS ake ɗauka a kwalejin likitanci? In yi digiri na biyu a gida, ko in jira tallafin karatu na waje? Kuma wannan aiki yana riƙe mutum?

Baba Lakcara:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Na daɗe ina koyarwa a kwalejin likitanci kuma ni ba likitan asibiti ba ne, saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, ba sai mai MBBS ba. Amma Kawunki bai faɗi ƙarya ba. Gwajin jinin majiyyata a asibiti aiki ne mai lasisi, hukumar MLSCN mai kula da masu aikin gwaji a asibiti ke bayarwa, kuma digirinki shi kaɗai ba zai ba ki shi ba. Wannan hanya daban, bincike hanya daban.

A kwalejin akwai mutane iri biyu. Akwai likitoci da suka ƙware bayan MBBS ta hanyar kwalejin horas da manyan likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, su suka fi yawa a sassan da ke hulɗa da majiyyata, har da sashen maikurobayoloji na asibiti. Akwai kuma irinmu, masu digirin digirgir a kimiyya, mun fi yawa a bayokemistiri da fiziyoloji da ilimin haɗa magunguna, kuma a ɗakunan bincike sau da yawa a hannunmu aikin yake. Ba zan ɓoye miki ba, a wasu wurare za a nuna miki cewa ke ba likita ba ce, a taro ko wajen rabon muƙami. Abin da ke kashe wannan magana shi ne ki iya abin da ba a iya yi sai da ke.

Matakan kuwa sanannu ne. Mai digiri na biyu yana shiga a mataimakin lakcara, mai digirin digirgir yakan fara daga lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Ba a hawa da yawan shekaru kawai, sai da maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Kuma ki sani koyarwa da duba takardun jarrabawa suna cinye lokacin bincike, yajin aiki ma haka. Na 2022 wata takwas ya yi, ɗalibai da yawa aikinsu ya tsaya cak.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu ba su san abin da ya faru a garinsu ba. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Borno, aka kawo ta asibitin mishan na Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka ware bairos ɗin da ake kira Lassa a yau. A 1970 likitar da ke bin diddigin cutar a Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu. Cutar a ƙasarmu take, majiyyatan a garinmu suke, amma ɗakin gwajin da ya gano ta yana wata nahiya. Ga kuma Vom a kusa da ke, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke nan tun 1924, inda ake haɗa alluran riga-kafin dabbobi. Yara da yawa suna gama digiri a Jos ba su taɓa taka ƙafa can ba.

Shawarata ita ce ki zaɓi malami kafin ki zaɓi makaranta. Ki duba abin da ya buga a shekarun nan na kusa. Ki nemi ɗalibansa ki tambaye su a keɓe: ana gamawa a hannunsa? Wa ke sayen sinadarai, shi ko ɗalibi? Idan kin samu wanda yake da tallafin bincike a hannu, ki yi digiri na biyun a gida ba tare da wani ɗar ba.

Yaya Gaduwa:

Ƙanwata, Baba ya gama magana kan jami'a, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai dai, Baba, a gafarce ni, ina ganin kada ta ɗora ranta kan ɗaukar aiki a jami'a. Gurbin kaɗan ne, kuma tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ma sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati yake samu.

Ni a Abuja nake aiki a ɗakin bincike. A nan akwai cibiyar nazarin bairos ta IHVN, akwai babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Gaduwa, akwai NIPRD a Idu masu binciken magunguna, akwai kuma NICRAT da aka kafa don binciken sankara. Irin waɗannan wurare ne ake koyon aiki da hannu. Wanda zai ɗauke ki ba zai tambaye ki ma'anar PCR ba. Zai so ya ga kin iya ciro DNA daga jini ba ki gurɓata shi ba, kin iya rubuta duk abin da kika yi a littafin lab yadda wani zai maimaita, kin san dalilin da ya sa ake saka samfurin da aka tabbatar ba shi da cuta a kowane gwaji. Ki nemi wuri ki yi aikin sa kai na wasu watanni, ko da rana biyu ce a mako bayan kin tashi daga makaranta. Sannan ki koyi lissafin bayanai da manhajar R, kyauta ce, kwamfuta kawai take buƙata.

Batun ko aikin yana riƙe mutum: yana riƙewa, amma yawancinsa kwantiragi ne da ke rataye da kuɗin tallafi. Da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a farkon 2025, na san waɗanda suka koma gida. Sinadaranmu kusan duka daga waje ake kawo su, da dala. Firizar ajiyar samfura kuma dole ta tsaya a digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana. A wani wuri da na taɓa aiki, janareta ya tsaya a ƙarshen mako ba wanda ya sani, jinin da mata suka yarda suka bayar ya lalace gaba ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin amana ce suka ba mu. Duk lab ɗin da za ki shiga, ki fara tambayar wutarsu.

Anti Garkuwa:

Ƙanwata, na ji daɗin tambayarki, domin abin da kike so ɗin shi ne mahaɗar fannoni uku: ilimin ƙwayoyin cuta, da na sankara, da na garkuwar jiki. Ni ilimin garkuwar jiki nake bincike a wata kwalejin likitanci a Amurka, daga Jos na taso kamar ke.

HPV ɗaya ne daga cikin ƙwayoyin cutar da ke haddasa sankara, kuma Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008 saboda gano alaƙarsa da sankarar bakin mahaifa. Amma ki duba sankarar hanta. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasarmu, sannan funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya fi na wanda ke da ɗaya nesa ba kusa ba. Ki duba kuma sankarar da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Daga ƙwayoyin halittarta aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964, na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam, kuma ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin maimaita kamuwa da shi yana raunana yadda garkuwar yaro ke danne bairos ɗin. A firizar lab ɗinmu akwai ƙwayoyin halitta da ake kira Raji. Daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 aka samo su a 1963, ana ta rainon su a ɗakunan bincike na duniya har yau. Ranar da na fara sanin asalinsu sai da na zauna.

Ga yadda tsarin yake a nan. Digirin digirgir a irin fannoninmu yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, ba a biyan kuɗin makaranta, ana ba ɗalibi alawus. Ba dole sai da digiri na biyu ba, amma suna son ganin kin taɓa bincike na gaske, da wasiƙar malamin da ya san aikin hannunki. Bayan an gama sai ƙarin wasu shekaru a ƙarƙashin wani babban mai bincike, matakin da nake kai yanzu. Wanda ya samu nasa lab ɗin ana ba shi kimanin shekara shida ya nuna zai iya jawo tallafi, galibi daga hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, kafin a tabbatar masa da kujera. Da yawa ba sa kaiwa can, suna komawa kamfanonin magunguna, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai kaɗaici, akwai nisan iyaye, ki lissafa da su.

Kada ki manta da Afirka. Akwai cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a Jami'ar Ghana, akwai cibiyar MRC a Gambiya da ta daɗe tana aiki kan ciwon hanta, akwai cibiyar ACEGID a Ede ta jihar Osun, inda aka fara tantance tsarin halittar korona a Afirka a 2020.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Idan kin shiga haɗin gwiwa da na waje, kada ki yarda aikinki ya tsaya a ɗibar jini da aikawa. Ki nemi a koya miki gwajin, ki sa hannu a nazarin sakamakon, a kuma daidaita inda sunanki zai fito a maƙala tun kafin a fara. Sababbin magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi ta yaƙi sankara, waɗanda James Allison da Tasuku Honjo suka ci Nobel a kansu a 2018, tsadarsu ta fi ƙarfin mutanenmu. Riga-kafi da gano cuta da wuri su ne a hannunmu, kuma nan ne ake buƙatar masu jin Hausa da mata za su saki jiki da su.

'Yar Anguwan Rogo:

Baba, Yaya, Anti, na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Kawuna amsar Baba, ya yi shiru, sannan ya ce in je in ga Vom ɗin.

Anti, maganarki ta ƙarshe ta tuna mini wani abu. Lokacin da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar HPV, bayan gwamnati ta saka ta cikin riga-kafi a Oktoban 2023, iyayen ɗalibaina da dama sun hana, wai tana hana haihuwa. Na yi ta bayani ina jin ilimina bai kai ba. Ina so in san waɗanne nau'o'in HPV ne suka fi yawa a matan Jos, amma ban san ko ɗalibar digiri na biyu za ta iya ɗaukar wannan ba.

Baba Lakcara:

Za ta iya, 'yata, in ta rage girmansa. Ke kaɗai ba za ki ɗebi samfuri daga majiyyata ba, dole ki haɗu da likitan mata, kuma sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince a rubuce, kowace mace kuma ta ba da yardarta bayan an yi mata bayani da harshen da take ji. Kafin komai ki shiga PubMed, shafin intanet na neman maƙalun likitanci, kyauta ne, ki nemo abin da aka riga aka buga kan HPV a Jos da arewacin Najeriya, ki lura da sunayen da suke maimaituwa, su ne za ki rubuta wa. Wasiƙar kada ta wuce rabin shafi: ko ke wace ce, wace maƙalarsa kika karanta, da ranakun da za ki iya zuwa lab. Idan kin rubuta ki liƙa ta a nan, ni da Yayanki na Abuja mu gyara miki kafin ki aika.