Madara na kumbura wa wasu ciki, wasu kuma lafiya lau: gado ne ko ƙwayoyin hanji?

Mai_Neman_Sani

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana lafiya da ke wannan zaure. Mutum biyu su zauna teburin mai shayi, a haɗa musu shayi da madarar gwangwani iri ɗaya, ɗaya ya tashi lafiya lau, ɗayan kuma kafin awa biyu ciki ya fara ƙugi, ga kumburi ga gudawa. Wasu sun ce gado ne, wasu sun ce ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji ne suka bambanta. Wanne ne gaskiya? Ana gadon ƙwayoyin hanji kamar yadda ake gadon rukunin jini? In kuma gado ne, ke nan babu abin da mutum zai iya yi?

Ɗan_Lab

Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun gaskiya ne, kuma a kan madara ne ma aka fi samun hujja mai ƙarfi cewa gado yana taɓa ƙwayoyin hanji.

A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos. Kofi ɗaya, wato mililita 250, yana ɗauke da kusan giram 12. Jiki ba ya iya tsotse shi sai an raba shi gida biyu, kuma mai wannan aiki shi ne sinadarin laktes da bangon ƙaramin hanji ke samarwa. Kusan kowane jariri yana da shi isasshe, don nonon uwa ma cike yake da laktos. Bayan yaye sai ya fara raguwa a jikin yawancin mutanen duniya, wajen kashi biyu cikin uku. Wannan ba ciwo ba ne, haka asalin halittar take. Waɗanda suka fita daban su ne masu ci gaba da samar da shi har tsufa.

Ƙwayar gadon da ke yin laktes sunanta LCT, tana kan kuromosom na 2, ɗaya daga cikin zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu. Makunninta yana can gefe, cikin wata ƙwayar gado maƙwabciyarta mai suna MCM6. Canjin harafi ɗaya tak a wurin ya isa ya bar makunnin a kunne. Abin sha'awar shi ne canjin ya auku sau da dama a wurare daban-daban, kuma duk a cikin makiyaya. Turawan arewa suna da nasu, ana kiransa -13910. Makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da -14010. Larabawa masu kiwon raƙuma da wasu ƙabilun Sudan suna da -13915. Fulani kuwa irin na Turawan ne ake samu a jikinsu da yawa. Tun 1971 aka buga wani bincike da aka yi a Najeriya, ya nuna galibin Fulanin daji suna narkar da laktos, Yarbawa kusan duka ba sa narkarwa, a cikin Hausawa ma marasa narkarwar sun fi yawa. Da yake auratayya ta cakuɗa mu, kada a yanke wa kowa hukunci da sunan ƙabilarsa. 'Yan uwa ciki ɗaya ma suna iya bambanta.

To ina bakteriya suka shigo? In laktes ya yi ƙaranci, sukarin sai ya wuce babban hanji yadda yake. Can ne mazaunin mafi yawan bakteriyar jiki, kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum. Sai su far masa, su fitar da iskar haidurojin da kabon da wasu sinadarai masu tsami. Iskar ce kumburi da ƙugi. Sukarin da ya rage kuma yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, shi ne gudawar.

A 2021 wata gamayyar masu bincike mai suna MiBioGen ta haɗa bayanan mutum 18,340, ana neman wace ƙwayar gado ce ke da alaƙa da wane bakteriya. Wadda ta fi fitowa fili ita ce LCT ɗin nan. Mutanen da ba sa narkar da laktos amma suna shan madara sun fi kowa yawan Bifidobacterium, bakteriya mai amfani. Dalili a bayyane yake: abincinsa ne ke isowa gare shi. Mai narkarwa ya tsotse sukarin tun a sama, bai bar masa komai ba. Ka ga ba bakteriyar aka gada ba, abin da ke ƙayyade cimarsu aka gada.

Malamar_Abinci

Bayanin Malam Ɗan_Lab daidai ne, sai dai ina tsoron mai karatu ya ɗauka gado ne ke riƙe da ragamar komai. Rabonsa kaɗan ne ƙwarai.

A 2018 masu bincike a Isra'ila sun duba mutum 1,046. Suka ga mutanen da ba su haɗa jini ba amma suna gida ɗaya, ƙwayoyin hanjinsu sun yi kama, alhali dangin da ba su taɓa zama tare ba babu wata kamar kirki a tsakaninsu. Ƙiyasinsu ya ba gado kusan kashi 2 cikin 100, abinci da magunguna da yanayin jiki kuwa sama da kashi 20. Akwai 'yan tsirarun bakteriya da gado ke da ƙarfi a kansu, kamar dangin Christensenellaceae da aka gano a binciken tagwayen Ingila a 2014, amma ba su ne jama'a ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne na 2010, da aka gwada yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Fulorens a Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da miyar ganye, hanjinsu cike yake da Prevotella mai narkar da dusa da zaren tsirrai. A 2015 kuma aka musanya abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20. Mako biyun nan kaɗai ya isa: waɗanda suka koma abinci mai dusa sinadarin butiret ya ƙaru a hanjinsu, shi ne abincin bangon babban hanji, waɗanda suka koma maiƙo da nama kuwa alamun kumburin hanji suka ƙaru. Ƙwayar gadon kowa tana nan yadda take.

Shi ya sa abin ke damuna in na ga gida ya bar tuwon dawa da ɗanwake da faten wake ya koma farar shinkafa da burodi da taliyar leda safe da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na zaren abinci a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya kai kusan giram 11. A ƙara kuka, kuɓewa, zogale, rama, aya, a kuma rage tsananta surfe, don abin da ake sheƙewa a ba dabbobi shi ne cimar bakteriyar. Wanda ya daɗe bai ci wake ba ya fara da kaɗan, in ba haka ba iska za ta dame shi ya ce waken ne bai karɓe shi ba.

Yanzu ga mai fama da madara, ga yadda ake bi. Da farko a tabbatar ita ce. A daina duk wani abu mai madara na mako biyu, har da shayin mai shayi, yogot mai zaƙi da askirim. In ciki ya lafa, wata safiya a sha kofi ɗaya kafin a ci komai, a lura daga rabin awa zuwa awa uku. In alamun sun dawo, an kama ɓarawon. In kuwa mako biyun ya wuce ciki bai sauya ba, a nemi dalilin a wani wuri.

In ita ce, ba sai an rabu da ita ba. Yawancin marasa laktes suna ɗaukar giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata wahala ba, musamman in da abinci aka sha. A fara da rubu'in kofi tare da abinci kullum, duk bayan kwana uku ko huɗu a ƙara kaɗan, har a kai kofi cikin mako biyu zuwa uku. Laktes ba zai dawo ba, amma Bifidobacterium da 'yan uwansa za su yawaita, su kuwa suna cin laktos ba tare da fitar da iska mai yawa ba. Inda ake kuskure: a yi wata ba a sha ba, rana ɗaya a kwankwaɗi babban kofi da azumi ko ciki babu komai. Wani kuskuren shi ne madarar gwangwani, wadda an ƙafe ruwanta, laktos ɗinta ya kusa ninka na madarar shanu, ga mai shayi yana tuttula rabin gwangwani a kofi guda.

Kindirmo da nono sun fi sauƙi, don tsamin ya cinye wani kaso na sukarin, wajen kashi 20 zuwa 30, kuma bakteriyar da ke ciki suna shigowa da nasu laktes ɗin. Fura ma tana rage saurin wucewarsa. Wara da cuku laktos ɗinsu kaɗan ne, yawanci ya bi ruwan da aka tace. Man shanu kusan babu. Sharaɗi ɗaya: a tafasa madarar tukuna, a bari ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, a zuba cokali ɗaya ko biyu na kindirmon jiya, a rufe awa 8 zuwa 12. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fukan shanu da cutar burusela, kuma tsami ba ya ba da tabbacin kashe su. Ruwan da ake sirka nono da shi ma, in ba mai tsabta ba ne, shi zai sa gudawa a ɗora wa gado laifi.

Likitan_Yara

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Malama. Zan ƙara ƙwayar gado ta biyu, don ta shafi yara kai tsaye. Sunanta FUT2, a kan kuromosom na 19. Ita ke sa jiki ya shimfiɗa irin sukarin rukunin jini a yawu, da yauƙin da ke lulluɓe bangon hanji, da nonon uwa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar tasa a kashe take. Wannan sukari abinci ne ga wasu bakteriya masu amfani, kuma mariƙa ce ga wasu cututtuka. Wanda tasa ke kashe da wuya nau'in norobairos da ya fi yawo ya kama shi, haka ma nau'in rotabairos da ake kira P[8]; duka biyun ƙwayoyin bairos ne masu sa amai da gudawa. Bincike a Burkina Faso a 2014 ya nuna wani nau'in, P[6], ya fi kama yaran da ba su da sukarin Lewis, wani irin sukarin rukunin jini, kuma irin waɗannan yara sun fi yawa a Afirka fiye da Turai. Ana ganin wannan yana cikin dalilan da ɗigon rigakafin rotabairos bai kai ƙarfin da yake yi a Turai ba, tare da tamowa da yawan cututtukan hanji. Gwajin da aka yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi, wanda aka buga a 2017, ya nuna kariyar kusan kashi 67 daga gudawar rotabairos mai tsanani. Kashi 67 rayuka ne masu yawa. Najeriya ta saka ɗigon a rigakafin yara a 2022, ana ba da shi a mako na 6 da na 10 da na 14. Don Allah kada uwa ta tsallake ko ɗaya.

Abu biyu nake roƙo a kiyaye. Kada a cire jariri daga nono don an ji wannan bayani. Jaririn da aka haifa babu laktes abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Abin da aka fi gani shi ne gudawa mai tsanani ta goge saman bangon hanji inda laktes yake, sai yaro ya yi 'yan makonni madarar gari tana wuce masa. Wannan yana warkewa da kansa. A ci gaba da shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari, da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 in bai kai wata shida ba.

Na biyu, babu abin da ke ɓarna a hanji da sauri kamar maganin kashe bakteriya da ake saya a kemis duk lokacin da ciki ya murɗa. Yawancin gudawar yara bairos ne, maganin ba ya taɓa shi, sai dai ya share masu amfani. A wani gwaji na 2018 an ba lafiyayyun maza irin waɗannan magunguna na kwana huɗu. Hanjinsu ya ɗauki kusan wata ɗaya da rabi kafin ya farfaɗo, kuma bayan wata shida akwai nau'o'in da ba su dawo ba.

Mai_Neman_Sani

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi. Saura ɗaya, Likita: gwajin DNA ko na ƙwayoyin bayan gida da ake tallatawa a intanet, ya cancanci kuɗinsa? Kuma yaushe ne ya kamata a bar gwaji a gida a tafi asibiti?

Likitan_Yara

Amin, Malam. Ga mai matsalar madara, bai cancanta ba. Da yawa daga gwaje-gwajen DNA canjin -13910 kaɗai suke dubawa, don haka mai ɗauke da na Sudan ko na Gabashin Afirka za a ce masa ba ya narkarwa alhali yana narkarwa. Gwajin bayan gida kuma hoton rana ɗaya ne, abincin kwana biyu yana sauya shi, kuma har yau masana ba su tsayar da wani jeri ɗaya da za a ce shi ne na mai lafiya ba. Gwajin da asibiti ke dogara da shi na numfashi ne: a kwana ba a ci ba, a sha giram 25 na laktos, a riƙa hura iska cikin na'ura duk rabin awa har awa uku. In haidurojin ya haura da maki 20 sama da na farko, an tabbatar. Wanda ya sha maganin kashe bakteriya ya jira mako huɗu, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya.

A tafi asibiti ba tare da jira ba in akwai jini a bayan gida, rama babu dalili, zazzaɓi, ƙarancin jini, gudawar da ke tada mutum cikin dare ko ta wuce mako biyu, ko kuma sauyin bayan gida ya fara ne bayan shekara 45. Haka in madara tana sa borin jini, kumburin leɓe, amai nan take ko sarƙewar numfashi. Wannan ba laktos ba ne, jiki ne ke faɗa da furotin ɗin madarar, kuma mai irinsa kada ya gwada shan kaɗan-kaɗan ɗin da Malama ta bayyana, ko da kindirmo ne.