Tashi da tankin murjani daga Katsina zuwa Daura, ga kuma farin ɗigo a jikin kifi

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri. An mayar da ni aiki Daura, dole tankina mai lita 300 ya bi ni da murjaninsa. Ga shi kifina shuɗi, irin da ake kira tang, ya fara goga jiki da dutse, fiffikensa ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Waɗanda suka taɓa tashi da tanki, ku taimaka da abin da kuka gani.

Wani dattijo, Rafin Daɗi: Wa alaikumus salam. Yaro, zafi ne babban abokin gabarka, ba nisa ba, Daura kilomita kusan 80 ce. Murjani digiri 25 zuwa 26 yake so, bayan a-kori-kura kuwa da rana a watan Afrilu ya haura 40. Ni ana idar da sallar asuba muka ɗora kaya. Kifi a kula mai murfi da famfon iska mai batir, ka kuma daina ba su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya don kada su ɓata ruwan. Duwatsu su zauna cikin ruwansu a bokiti, domin ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, a jikinsu suke, in suka bushe sun mutu. Tsohon yashi ka bar shi. Da na tona nawa, baƙi ƙirin ne a ƙasa, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Sabon ruwa ya riga ka isa can, tatacce da injin RO mai cire datti da sinadarai daga ruwa, gishirinsa 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri. Kada a ɗaga tanki da ko ɗan ruwa a ciki.

Wata 'yar'uwa, Daura: Baba ya gama maganar hanya. Malam, ɗigon nan shi ya fi damuna. Cryptocaryon ne, wata ƙwayar cuta mai maƙalewa a jikin kifi, kuma abin da kake gani a fiffike kaɗan ne daga cikinsa. Yana cin jikin kifi kwana 3 zuwa 7, ya faɗo ƙasa ya lulluɓe kansa a yashi da dutse, ya hayayyafa, sannan ɗaruruwa su fito neman kifi. Wahalar tafiya tana karya garkuwar kifi, shi ya sa nawa suka cika da shi bayan mun sauka a sabon gida. Tunda za ka kama su duka, kada ka mayar da ko ɗaya cikin babban tanki. Ka killace su a wani tankin marar yashi, da 'yan guntayen bututun roba na ɓuya, babban ya zauna babu kifi kwana 76. Murjani da jatan lande ba sa ɗaukar cutar, yunwa ce za ta kashe ta. Haƙurin yana da wuya, wallahi, kullum kana kallon tanki wayam, amma ni tun daga nan ban sake ganin ɗigo ba.

Wani matashi, Barhim: Hajiya, ni tafarnuwa na riƙa sa musu a abinci, ɗigon ya ɓace.

'Yar'uwar Daura: Ƙanena, faɗowa ya yi don lokacinsa ya yi. Ka sa ido makonni masu zuwa.

Wani, Ƙofar Marusa: Maganin jan ƙarfe na yi amfani da shi, a tankin killacewa kaɗai, don yana kashe murjani kuma dutse yana shanye shi. Sai da abin awo, kullum, saboda tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce. Malam, ka duba numfashinsa da kyau. In yana haki, yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke fitowa, ɗigon kuma ƙanana ne sosai kamar ƙura, to Amyloodinium ne, wata ƙwayar cutar daban, cikin kwana biyu yana iya gamawa da kifi. Wannan ba ya jiran ranar tashi, yau za ka cire su. Sannan ka tabbatar inbata da batir suna aiki a gidan Daura kafin kifi su iso.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Numfashinsa daidai yake, yana cin abinci. Hajiya, tankin killacewa mai lita nawa zai ishi kifi shida?