Neman shawara kan bizar iyalin ƙanena

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena nas ne a Ingila, yana son matarsa da 'ya'yansa biyu su bi shi daga nan Sakkwato. An yi musu gwajin tarin fuka a Abuja, an biya kuɗi, amma aka hana bizar, wai hujjar aure ba ta gamsar ba. A masallaci aka ɗaura shi, kowa ya shaida. Ga kuma sunan uba: Abubakar a fasfo, Bubakar a takardar haihuwar ƙaramin.

Wani ejan ya ce dokar Birtaniya ta Maris 2024, mai hana wasu ma'aikata kai iyalansu can, ita ce ta kama su, alhali masu kula da tsofaffi ta shafa, ban da nas.

Shin rantsuwar kotu za ta wadatar? Lauyan nan gida zai iya, ko sai mai rajista a can?