Yaya gefen Asibitin Malam ya cika haka?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Makon jiya na raka Baffa Asibitin Malam da ke kan titin Zariya a Kano, na tarar da kewayen ya cika da kyamis da ɗakunan gwajin jini da asibitocin kuɗi. Yaushe aka fara wannan?

Malam Na-Gaya: Wa alaikumus salam. An kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wato Asibitin Malam, a 1988, inda ɗaliban Jami'ar Bayero suke koyon aikin likita. Kafin nan, mu mutanen karkara Asibitin Murtala na kusa da Ƙofar Mata muka sani, wanda yake tun zamanin Turawa, sai kuma Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ta gagari mai ɗori.

Hajiyar Wudil: Gaskiya ne, Malam. Duk inda manyan likitoci suka taru, majinyata suna biyo su, 'yan kasuwa kuma suna biyo majinyata. Na taɓa kwana shida a kan tabarma ina jinyar ƙanwata, kuma daga mai shayi har mai sayar da buta da filas, da mu suke cin abinci.

Ɗan Ringim: Na gode. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.